Santimita Goma Sha Ɗaya

Solrun ta sake lissafin karo na uku, amsar ba ta canza ba. Cikin kwana biyu ƙasar kwarinmu ta nutse santimita goma sha ɗaya.

Shekararta goma sha huɗu tana wannan aiki. Tashoshi shida ne a kwarin, kowacce sandar ƙarfe ce da aka kafa cikin dutse, da faranti a samanta mai karɓar saƙon tauraron ɗan Adam. Ko kaurin farce ƙasa ta gusa, farantin zai tona. A ƙa'ida sakamakon Reykjavik, babban birnin ƙasar, yake tafiya, a gwada shi da tashoshin ƙasar baki ɗaya. To, guguwar ranar Litinin ta tsinke waya, ƙanƙara ta toshe hanya, ya rage daga ita sai kwamfutarta a kan teburin cin abincin mahaifinta.

Sai ta yi yadda aka koya mata tun tana ɗaliba: ba a awon abin da ke motsi sai daga abin da ke tsaye. Ta ɗauki tsohuwar tashar Tudun Hamar, wadda aka shekara talatin ana gwaji da ita, ta auna shidan daga can. Dukansu suka ba ta sha ɗaya, sha ɗaya, kamar sun haɗa baki.

Ba ɗan ƙasar nan da bai san fassarar haka ba. In ƙasa ta soma nutsewa, narkakken dutse ne ke yagar ta daga ciki, kuma shi ba ya sallama.

Ta sami mahaifinta, tsoho Eyvindur, yana shafa wa busasshen kifi man shanu.

"Baba, ɗauko maganinka da takalmanka. Za mu hau tudu."

"Mu su wa?"

"Kowa da kowa."

"Tumakin fa? Ko su ma kin buga musu lissafi?"

"Baba, don Allah."

"A gidan nan aka haife ni, a nan uwarki ta cika. Yarinyar da na koya wa ƙirga da 'yan raguna, yau ita ce za ta kore ni da lamba!"

Sai da ta yi kuka, abin da rabonta da shi tun ranar da aka binne uwar tata, sannan ta yi alkawarin ita da kanta za ta riƙa sauka kullum tana ba tumakin ciyawa. Tsoho ya jawo takalmansa.

Mutum ashirin da uku aka kwashe zuwa zauren taro na Tudun Hamar, inda muke walima kowace kaka in an gama tattaro tumaki daga duwatsu. Ni Ketill na buɗe musu hanya da tarakta, ni da duk kudancin ƙasar nan babu direba kamata, ga kyan gashin baki, amma har yau ba wanda ya ce mini sannu. Da muka isa, ƙofar zauren ta cije, ta ƙi buɗuwa. Ni ɗin dai na fere gefenta. Karen Eyvindur ya lafe a cikin mota ya ƙi fitowa, tsohon ya ce, "Ku bar shi, ya fi mu zuciya." Bayan zauren ƙanƙara ta narke ta bar dutse fili, maza suka ji daɗi, sun sami wurin tsayawa su sha taba.

Kwana biyu ana dafa miyar rago ana shan kofi. Kofuna sukan yi rawa a kan tebur, wata jaririya ta tsala kuka, sai kowa ya ruga taga ya leƙa kwari, a ga gidan wa zai fara tafiya. Gidaje suna nan lafiya lau. Solrun ba ta runtsa ba. Duk lissafin da ta sake, kwarin ƙara nutsewa yake, sha tara, ashirin da huɗu. Waɗanda suka zage ta a ranar farko suka koma kawo mata kofi da hannu biyu.

Rana ta uku da hantsi Solrun ta sake shirin sauka wajen tumaki, aka ce wa zai kai ta, ido duk ya dawo kaina. Eyvindur ya rako ta har bakin ƙofa.

"Tunkiyar nan mai baƙar fuska ki zuba mata daban, sauran cinye mata suke."

"To, Baba."

Ya gyara mata wuyan riga. "Kin iya aikinki, 'yata. Na yarda."

Minti hamsin muka yi a hanya. Tana cikin garken tana watsa ciyawa wayarta ta yi ƙara, ashe an gyara layi. Torfi ne, abokin aikinta na Reykjavik. Hannunta da ciyawa, sai ta buɗe muryar, ni ma ina ji.

"Solrun, kina ina?"

"Gidan Baba. Na san ganganci ne, minti goma zan fita. Sakamakon ya iso muku?"

"Ya iso. Daga wace tasha kika auna?"

"Daga Hamar mana, inda aka saba. Me ya faru?"



"Kwarinku bai motsa ba ko kaɗan, Solrun. Hamar ce ke kumbura, shi ya sa kika ga kamar kwari ke nutsewa. Yanzu ta haura santimita talatin, kuma dutsen ya fara tsagewa. Ki dai ce mini babu kowa a can."