Guguwar da Ba Ta Tayar da Ƙura

Tunda ka zo kana yi mini mitar yadda mutanen hasumiya ke shanya ka a bakin titin jirgi kana ƙona mai, matso in ba ka misali. Ni ma jiran ba daɗi yake yi mini ba, amma duk ranar da na tuna mutumin nan sai tsigar jikina ta tashi.

Wani matuƙi ne mai ƙaramin jirgin feshi, irin wanda ake turawa fadama idan tsuntsayen jan-baki suka sauka wa shinkafa. Gwani ne, wannan kam ba a ja masa. Sai dai duk shekarunsa a ƙananan filayen karkara ya yi su, inda babu mai tashi gabansa sai shaho. A sana'arsa kuwa iska ce abokiyar gaba, domin in tana kaɗawa sai ta kwashi maganin ta kai shi gonar da ba a nufa ba, ko rijiyar mutane. Saboda haka ranar da ya ga ganye ya tsaya cak, ita yake kira ranar sa'a.

Wata rana aka kira shi da gaggawa: shinkafar wani gari ta kusa yanka, tsuntsaye sun rufe ta. Dole ta sa ya biya ta babban filin jirgi ya sha mai, ana tsakiyar jigilar alhazai. Ya shiga layi bayan wani ƙaton jirgi maƙare da maniyyata da kayansu. Ƙaton ya yi ruri, ya ɗaga da ƙyar don nauyi, ya yi sama. Matar da ke ba da izinin tashi daga hasumiya ta ce wa mutumin namu ya hau titi ya dakata, akwai guguwar babban jirgi a gabansa.

Ka dai sani, jirgi mai nauyi in ya tashi, bakin kowane fiffikensa yakan bar guguwa a kwance cikin iska, tana juyawa. Ba ta da ƙura, ba ta da ƙara. In iska na kaɗawa sosai takan wargaza ta da wuri, in kuwa gari ya yi tsit sai ta zauna nan a kan hanya tana jiran mai zuwa. Mutumin namu kuwa da ya dubi jakar nan ta ƙyalle da ake ratayewa a filin jirgi don nuna iska, ya ga ta langaɓe jikin sandarta, sai ya yi tsaki. Hankalinsa na can fadama, yana tsoron kada iska ta tashi kafin ya isa, feshi ya gagara, tsuntsaye su ƙarasa abincin mutane.

Ya ce, "Hajiya, ai ya wuce. Ko ganye ba ya motsi."

Ta ce, "Shi ya sa na ce ka bari tukuna, Malam. Babu iskar da za ta share maka hanya."

Ya ɗauki maganarta tsoron 'yan birni ne da ba su san sama ba. Ya saki birki.

Tayoyinsa sun bar ƙasa lafiya lau. Bai wuce tsayin rimi da yawa ba sai wani abu ya cafki fiffikensa na dama, ya kifar da jirgin kamar yadda ake juya waina a tanda. Ya danna sandar tuƙi ɗaya gefen iya ƙarfinsa, jirgi ya ƙi jin magana. Ya ga kwalta a bisa kansa, sama a ƙarƙashin ƙafarsa. Muryar matar na cikin kunnensa tana kiransa, shi kuwa babu abin da ke fita bakinsa sai kalmar shahada. A ciyawar gefen titi ya faɗi, a kife. Nan ya rataya cikin bel kai ƙasa, ga tankin gubar feshi a gabansa, ga man da ya sha ɗazu yana ɗiga masa a wuya, yana sauraron ko wuta za ta kama. Ya ce wa ƙafafunsa su motsa, suka yi shiru.

'Yan kwana-kwana sun zaro shi da rai, amma ƙafafun ba su sake taka ƙasa ba, shinkafar kuma tsuntsaye suka cinye. Masu zuwa dubiya suna yi masa sannu, shi kuwa magana ɗaya yake maimaita musu, idanunsa a zazzare: wallahi bai ga komai ba, sama fes take.

To, gobe in aka ce ka dakata bayan babban jirgi, kada ka tambayi idonka, don abin da ke gabanka ba na ido ba ne. Hausawa sun riga sun gama magana: wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.