Hatimin Ya'u

Sau uku ake bugawa a ƙasa: dum, dum, dum. Sai shiru, kamar mutum ya riƙe numfashi. Sai kuma ɗaya a bango, can sama da ƙofa. Kullum bayan la'asar, shekara goma sha ɗaya, a ɗakin Awabu mai koko da ke unguwar Maamobi.

'Yan gidan hayar sun daɗe da sabawa. Da lokacin ya yi, mata su kwashe tukwanensu su koma bakin famfo, su bar Awabu da mijinta. Kowa ya san Ya'u ne.

Ya'u ma'aikacin jirgin ruwa ne, mai shafa wa inji mai. A 1976 wuta ta tashi a ɗakin inji ana tsakiyar teku, ta ci mutum biyu. Kamfanin ya aiko da shi tashar jiragen ruwa ta Tema cikin akwatin ƙarfe a liƙe, da gargaɗin kada a buɗe. Liman ya ce a sallace shi haka. Masu haƙa kabari suka yi ta mita, don sai da suka ƙara wa ramin tsawo, alhali Ya'u da ransa sai ya taka benci yake rataye fitila. Aka ce ai Turawa ba sa ƙera ƙaramin akwati.

Abin da ke cin Awabu shi ne safiyar tafiyarsa. Sun yi cacar baki a kan abin da yanzu ko tunawa ba ta yi. Ta shige ɗaki ta sa sakata. Ya buga, ya buga, ya buga, ta ƙi buɗewa, ya ɗauki jakarsa ya wuce. Saboda haka duk la'asar take wangale ƙofar ta ce, "Na buɗe, Ya'u. Ka yafe mini." Gobe a sake bugawa. Lahadi kaɗai ba ya zuwa.

'Yarta Zuera tana aure a Kumasi, ta aiko ya fi sau ashirin ta taho ta huta. Awabu ta ce, "In na tafi, wa zai buɗe masa?"

Tare da akwatin an kawo wata takarda da aka samu a aljihun mamacin, gefenta a babbake. An ja mata layi gida-gida da biro, kowane gida da lamba ko haruffan boko. Malam Jibirilu, wanda bai taɓa ganin abin da ya fi ƙarfin iliminsa ba, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce hatimin mutanen teku ne, mai zafi. Ya tofa, aka ɗinke ta da fata, Awabu ta rataya a wuya. Da aka tambaye shi zancen Lahadi, ya ce su ma na can suna da ranar hutu.

Gumi da tururin koko suka ci fatar. Ranar da ta yage, ƙanenta Tajudeen, akawu a tashar jiragen Tema, yana zaune yana shan koko kyauta kamar yadda ya saba. Ya ɗauki takardar ya duba, koko ya sarƙe shi.

"Sista, wannan ba hatimi ba ne kraa, ko kusa. Ƙwallo ne."

"Ƙwallon uban wa?"

"Ƙwallon kwando. Ga sunayen makarantu, ga ci, ga faɗuwa."

Ya kai ta Tema, ya nuna wa wani tsohon kuku ɗan Filifin. Kukun ya bi layukan da yatsa. Gasar kwalejojin ƙasarsu ce, in ji shi, shekara tara a jere: wa ya kai zagayen 'yan huɗu, wa ya kai wasan ƙarshe, wa ya ɗauki kofi. An ja layi biyu a ƙarƙashin wata kwaleji da ta kai wasan ƙarshe sau ɗaya tak, aka cinye ta da maki ɗaya. A baya kuma ga suna, Efren, da adireshin wani gida a Iloilo.

Awabu ta yi kuka, amma na sauƙi. Ashe amana ce! Abokin aikinsa ya ba shi ajiya, ita kuwa ta ɗaure ta a wuya tana yawo da ita a kasuwa. Ta sa Tajudeen ya rubuta wasiƙa ya faɗi komai, har bugun la'asar, aka sa takardar ciki aka kai gidan waya na Adabraka.

Ran nan la'asar ta yi, ta wuce. Shiru. Washegari ma shiru.

Awabu ta yi sadakar masa. Malam Jibirilu ya ce dama ya san za a yi haka. Ta rabar da tukwanen koko, ta ɗaure kayanta, Zuera ta share mata ɗaki.

Ana gobe za ta tafi amsa ta iso, daga yayar Efren. Tajudeen ya karanta yana fassarawa. Sun gode. Efren ne ya ɓarar da jifan ƙarshe a wasan nan, daga nan ya bar karatu ya bi teku, har wutar jirgi ta cinye shi. Tun da takardar ta iso suke jin ƙwallo a tsakar gida da yamma, kuma suna murna.

Tajudeen ya tsaya. Ya juya takardar.

"Karanta mana," in ji Awabu.

Ya ci gaba da karantawa: "Amma ku taimake mu da abu ɗaya. Tun ranar da muka binne akwatin da kamfani ya kawo mana, sau biyar a yini famfonmu yake buɗe kansa, muna jin wani yana wanke hannu da ƙafa. In ya gama sai ya zo bakin ƙofa ya faɗi wata kalma da babu ita a harshenmu. Ga yadda muke jin ta: A-wa-bu."