Fuskar Mai Ƙosai

Da na hango ɗan Hisba cikin koren kaya ya nufo shagona, sai burushi ya suɓuce daga hannuna.

Tun da aka ƙaddamar da Shari'a ake raɗe-raɗi a Gwarzo cewa za a rufe shagunan masu zana mutane. Ga tsadar rayuwa, ga iyali. Shi ya sa tun safe nake bin zanukan da ke bango ina shafe fuskokinsu da farin fenti. Manomin ƙauyen Mainika, makaɗin kalangu, tsohuwa mai ƙosai, duk sun koma tufafi ba kawuna.

Ya yi sallama, na amsa.

"Malam, kai ne mai zane?"

"Wallahi yanzu bishiyoyi kawai nake zanawa. Duba ka gani."

Ya bi bangon da kallo har ya tsaya gaban mai ƙosai. Sannan ya taɓa farin fentin, ya kalli yatsansa. Ko bushewa bai yi ba.

"Daga Kabo nake," ya ce a hankali. "An ce mini ka zana Innata, mai ƙosai. Har ta rasu ba a taɓa ɗaukar ta hoto ba."