Hannun Aro

"Rubuta: na zama kaya a gidan nan," in ji mijinta.

Ta sunkuyar da kai ta rubuta: yau na ɗan gaji.

Tela ne, amma tun da ciwon MS ya hana yatsunsa riƙe allura, balle biro, ita ce hannunsa. Likita ta ce ya riƙa juye damuwarsa a takarda, zai ji sauƙi a ransa. Sai dai 'yarsu ta fara iya karatu, ba takardar da take ƙyalewa. Shi ya sa uwar take tace kowace magana, abin yana cin ranta.

Ran nan ya miƙa wuya ya leƙa shafin, ya ga abin da ta rubuta.

"Abban Auta, don yarinyar nan ne," ta ce. "Na hana ka maganinka."

Ya murmusa. "Sakatariya, ashe mu biyu ne ɓarayin. Wanda kike ji ɗin ma, sai na rage rabi saboda ke."

Ta tashi ta rufe ƙofa, ta buɗe sabon shafi.

"Faɗi duka. In mun gama, mu yaga."