Gurbin Sarewa

Tun da aka kafa dokar rabon iska, aka maƙala wa kowa zoben auna numfashi a wuya, busa ta haramta a Zariya. Duk da haka Baba Barau bai fasa zuwa wurin gwajin kiɗa da sarewarsa ba.

Wani tsohon kiɗan Turai suke yi, inda goge ke tambaya, sarewa ta amsa da gudu, babban goge kuma yana takawa a ƙasa sannu-sannu. In an zo gurbin sarewa sai masu goge su dakata, a yi tsit, shi kuwa yana motsa yatsu a kan ramukan, bakinsa a rufe.

Ran nan Asabe, shugabar makaɗan, ta durƙusa gabansa.

"Baba, ka yi haƙuri. Mutane na cewa shirun ya yi yawa. Za mu haɗe wurin."

"'Yata, to wa zai amsa wa masu goge?"

Ta sunkuyar da kai.

Makaɗan suka ja goge, suka wuce gurbinsa ba tsayawa. Ya kasa kunne ko zai ji inda kiɗan ya yage. Bai ji ba. Kiɗan ya yi daɗi abinsa.