Saƙon Ranar Alhamis

Saƙon ya shigo da ƙarfe huɗu da 'yan mintuna, kamar kowace Alhamis. Malam Markus ya gyara tabarau da hannun da ke yi masa aiki, ya karanta: "Daddy, I am satisfactory."

Ya kife wayar a cinya. Shekara talatin da biyu ya yi yana koyar da Turanci a sakandare, bai taɓa jin mutum mai jini a jika ya kira kansa satisfactory ba. Kalma ce ta katin sakamako, wadda ake rubuta wa ɗalibin da bai cancanci yabo ba, kuma ba a son ubansa ya zo makaranta.

Ɗansa Stephen kuwa kalma ɗaya ya sani. Tun yana firamare, ko makaranta aka tambaye shi, ko zazzaɓi, ko jarrabawar da ya faɗi, amsar ita ce "fine". Uban ya sha gaya masa cewa kalmar nan tana da 'yan'uwa kusan goma. Yaron bai taɓa kai wa ko ɗaya ziyara ba.

A watan Maris Stephen ya bi abokai haƙar zinariya a wani daji cikin jihar Neja. A Afrilu lambarsa ta daina shiga. A Afrilun dai Malam Markus ya faɗi a banɗaki, ya tashi da rabin jiki, likita ya ja Laraba, matar Malam Markus, gefe ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Bayan mako biyu ta dawo daga kasuwar Tarauni da albishir: Stephen ya kira ta da sabuwar lamba, ya ce inda suke sabis ba ya riƙe murya, sai dai saƙo.

Na farko ya ce all right. Malam Markus ya yi hawaye, bai bincika komai ba. Na biyu ya ce excellent, ya ɗauka daji ya fara yin abin da makaranta ta kasa. Daga nan fit, sai good, sai healthy. Babu kalmar da ta zo sau biyu, ita kuwa "fine" ko leƙowa ba ta yi ba.

Ya fara da zargin 'yan damfara. Ya sa aka kira masa Rabi'u mai gyaran waya na bakin titin Gyadi-Gyadi, wanda ya latsa nan ya latsa can, ya ce abin da ya iya gani kawai shi ne layin sabo ne. Malam Markus ya zauna jiran ranar da za a roƙi wani abu. Mako bakwai, ba a nemi ko katin waya ba. Bai taɓa jin labarin ɗan damfara mai irin wannan kunya ba.

Ya koma kan 'yarsa Patience da ke aikin jinya a Jos. Ya zauna ya bi tsofaffin saƙonninta ɗaya bayan ɗaya, ya wanke ta: yarinyar ba ta taɓa rubuta kalma har ƙarshenta ba.

Sai ya ɗana tarko. Ya aika da tambaya: mene ne sunan karen da suka binne a bayan gidan kaka a Kafanchan? Ran Alhamis amsa ta zo daidai, har da bishiyar da aka binne shi ƙarƙashinta. Wannan bai kwantar masa da hankali ba. Ke nan yaron yana hannun wani, ana tambayarsa yana faɗa, wani kuma yana rubutawa.

Da ya gaya wa Laraba haka, sai ta miƙo masa ƙwayar hawan jini da ruwa.

"Baban Patience, yaro ya ce lafiyarsa ƙalau. Sai da wane yare kake so ya faɗa?"

Ta tsaya sai da ya haɗiye, ta je gun kalandar coci ta yi ɗan gicciye da jan biro a kan ranar, yadda take yi tun da aka sallamo shi daga asibiti. Bai ga laifinta ba. A aji huɗu ta bar makaranta, Turancinta bai wuce na gaisuwa ba. Kwanan nan ma ta daina cewa ya fassara mata saƙon. Ya ɗauki wannan a matsayin bangaskiya, abin da kullum ta fi shi.

Yau tana can coci wurin zumuntar mata, kamar kowace Alhamis. Ya jawo takarda ya jera kalmomin da hannun hagu, daga all right zuwa okay zuwa ta yau. Sai ya ga abin da ya kamata malami ya gani tuntuni: a jere suke bisa haruffa, bi da bi, yadda littafi ke jera su. Ko waye ne, kwafa yake yi. Gobe zai sa a kai shi wurin 'yan sanda da shaida a hannu.

Ya dogara sanda ya nufi kantar littattafai, yana tunanin yadda zai yi da saman kanta, inda tsohon ƙamusunsa na kalmomi masu ma'ana ɗaya yake zaune shekara da shekaru. Sai ga shi a ƙasa, kusa da littafin waƙoƙin coci. Ya gode wa Allah da wannan ɗan sauƙin.

Littafin ya buɗe da kansa a shafin "fine", don akwai takarda a ninke a wurin. Takardar cigiya ce, da hoton Stephen, da kwanan watan Afrilu. A kan shafin kuwa, gefen kalmomi bakwai, akwai ɗan gicciye na jan biro, irin na kalanda. Saura biyu ba a taɓa ba.