Motar Baba Ranar Idi

Ga wani misali, tunda ana maganar mutumin da ba ya iya barin abu mai lafiya ya zauna lafiya.

An yi wata mata, mijinta malamin makaranta ne, mutumin kirki, ba shi da abokin faɗa. Abu ɗaya ne ya shiga tsakaninsu, wata tsohuwar mota da mahaifinsa ya ba shi. 'Yar ƙarama ce ƙirar Ingila, koriya, mai kujera biyu, rufinta na tamfol ne ana naɗe shi baya. Tsohon ya yi wa wani Bature tuƙi a zamanin haƙar kuza, da Baturen zai koma gida ya bar masa ita. Shekara da shekaru yana lallaɓa ta. Ya duba ruwa, ya duba baƙin mai, ya goge fulogi, in ta yi tari ya saurara, in ta yi shiru ya ƙyale ta. Da ido ya yi rauni, ƙafa kuma ta ƙi, sai ya miƙa wa ɗansa makulli.

Tun daga ranar matar nan ba ta ƙara jin daɗin tsakar gidanta ba. Inda take shanya nan aka kafa motar. Kwanon da take kwaɓa fulawa ya koma na wanke noti da fetur. Zanen da ta goya 'yarta ta fari da shi, wanda ta adana a ƙasan akwati, ta tsince shi baƙi ƙirin a gindin taya. Da a ce motar lalacewa ta yi ake gyara, da ta yi haƙuri. To lafiyarta ƙalau. Shi dai mijin ya ga hoton irinta a waya, waɗanda Turawa ke tsere da su, ransa ya biya. Yau ya kwance kafireta, mai haɗa fetur da iska, wai numfashinta bai daidaita ba. Gobe ya cire salansa ya sa mai ƙara, har maƙwabciya ta aiko a ce jaririnta ba ya barci. In matar ta kai masa abinci, ƙafafu biyu kawai take tararwa sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Ta yi magana, ƙafafu su ce mata "ajiye nan". Ta dawo ta ɗauke tuwo ya sandare.

Ana tsakiyar azumi, tana zuba wa tsohon kunun buɗa-baki, ya dubi ɗansa ya ce abu ɗaya yake so: a kai shi Idi a motar nan, a naɗe rufin, iska ta buge shi. "Ban sani ba ko zan ga ta baɗi," in ji shi. Maganar ta shiga matar har ƙashi. Suna fitowa ta ce wa mijin, "Malam, don girman Allah kada ka ƙara taɓa ta. Wanke ta, ka zuba mai, shi ke nan." Ya ce, "Ke ba ki san mota ba. Baba ne fa zai shiga, ai sai ta fi yadda ya san ta." Ta wuce tana roƙon Allah kada ladan azuminta ya ƙare a kan ƙarfe. Washegari ya ɗage motar a kan jak, ya cire sifirin tayoyi da ta zo da su daga ƙasarsu, ya sa gajeru, wai ta kwanta kamar ta masu tsere. Ta kuwa kwanta, ko kaza ba ta iya shiga ƙarƙashinta. Bai ko fita da ita ya gwada ba, wai kada fenti ya dushe kafin Sallah.

Ranar Sallah tsohon ya yi wanka da wuri, ya sa farar rigarsa, matar ta fesa masa turare, aka kama shi aka zaunar a motar, mijin ya shiga wajen tuƙi. Tsohon ya shafa gaban motar da tafin hannu yana murmushi. Injin ya tashi da ruri, unguwa ta fito kallo. A bakin ƙofar gidan akwai 'yar kwalbati mai tudu bisa kwata, wadda motar ta sha hayewa ba ta ko san da ita ba. Tayoyin gaba suka hau, sai aka ji ƙurrr, ciki ya daki siminti. Ta tsaya cak, ba gaba ba baya, kamar kunkuru a kan turmi. Kaskon injin ya tsage, baƙin mai yana tsiyaya cikin kwata. Samarin unguwa suka tura, suka ɗaga, riguna suka ɓaci, ga kabbara ana jiyowa daga filin Idi. Mijin ya kwanta a ƙasa da sabuwar shaddarsa, yana leƙe yana cewa ƙaramin abu ne.

Matar ta juya ta koma ɗaki. Ta yafa mayafi, ta raɓa ta gefen motar ta fita titi, ta tsayar da a-daidaita-sahu. Aka ciro tsohon aka sa shi a ciki. Yana gyara zama ya ce mata a hankali, "'Yar nan, ce masa ya kashe injin, kada ya ƙone ta." Ko da ya isa filin an riga an sallame, huɗuba kawai ya tarar.

Gaskiyar Hausawa da suka ce, garin neman ƙiba a samo rama.